Gurasar da Toshtemir Ya Ciza

Duk wanda ya san ni a Karabulok ya san ba ni da haƙori ko ɗaya a baki. Talatin da ɗaya tsufa ne ya kwashe su, bai nemi shawarata ba. Na farkon kuwa ni na kai shi da ƙafata aka cire, lafiyarsa ƙalau, kuma saboda Toshtemir ne.

Toshtemir abokina ne tun muna kiwon awaki. Ya girme ni da shekara biyu, shi ya sa nake ce masa Yaya, matarsa Hosiyat kuma nake ce mata matar Yaya. Shi mahaƙin kwal ne a rami na biyu. Ni ƙafata ta hagu ba ta kai ta dama ba da faɗin yatsu uku, don haka aka ajiye ni a ɗakin fitilu da ke bakin rami, in miƙa wa mai sauka fitila, in karɓa idan ya hau. Aiki ne mai barin mutum da tunaninsa. A can na fara tara duwatsun nan masu zanen ganye da ake samu a cikin kwal. Toshtemir ke ɓoyo mini su a hularsa.

"Ungo, mai fitila," in ji shi. "Ga wani ganyen naka. Ka dafa ka sha, ko ƙafar ta ƙara tsawo."

Malamin makaranta ya ce wai daji ne a dā, ya nutse ƙarƙashin dutse. Aji uku na yi, ba ni da bakin musu. Amma har yau ina so in san inda tsuntsayen dajin suka koma.

Toshtemir yana da giɓi. Wani dunƙulen kwal ne ya faɗo daga rufin rami ya fitar masa da haƙori ɗaya na sama, a gaba. Bai taɓa jin kunyarsa ba. Ta nan yake fito, ta nan yake tsartar da yawu, kuma idan ya hau daga rami fuska baƙi ƙirin, dariyarsa da giɓin nan ake fara gani kafin a ga mutum.

Da yaƙin Jamus ya zo, ba a ɗaukar mahaƙa soja, don jiragen ƙasa na bukatar kwal. Sau uku Toshtemir yana zuwa ofis ana koro shi. A na huɗu suka gaji suka rubuta sunansa. Na ce masa, "Yaya, matarka na da ciki, me kake nema a can?"

Ya ce, "Shekara tara ina ƙarƙashin ƙasa, Holmat. Bari in je in ga yadda samanta yake."

Ranar tafiya, mahaifiyarsa Tursunoy ta gasa gurasa a tanderu, ta miƙa masa a bakin ƙofa kamar yadda ake yi wa kowane mai doguwar tafiya. Ya yi bisimilla ya ciji gefe ɗaya. Sauran rabonsa ne, zai jira shi a gida, kuma rabo ba ya barin mai shi ya ɓace, sai ya jawo shi ya dawo ya ƙarasa. Ina tsaye a wurin. Na ga cizon, da ɗan tudu a cikinsa daidai inda haƙorin ya kamata ya taka bai taka ba. Tsohuwa ta naɗe gurasar a farin ƙyalle, ta rataye a ƙusa can sama a bangon ɗaki.

Wasiƙarsa ta farko ni ya aiko wa. Ya ce kwana goma sha tara suka yi a jirgin ƙasa, da suka sauka aka tambaya wa ya iya haƙa, sai wani ɗan banza ya nuna shi. "Yanzu shebur ne a hannuna safe da yamma, bindigar tana rataye a bayana kamar baƙuwa. Sun kawo ni ƙarshen duniya don in haƙa rami. Ƙasarsu ma laushi gare ta kamar ƙullu, haƙa ta ba abin alfahari ba ne."

Hosiyat ta haifi namiji a kaka. Sai sanyi ya shigo, yunwa ta biyo shi. Mun ci dusa, mun ci ɓawon dankali, na san wanda ya dafa linzami. Mata suka koma tsintar duwatsu daga cikin kwal a bakin rami, har da Hosiyat. Kafin ciyawa ta tsiro, ni kam idan na miƙe tsaye sai in ga fitilun ɗakina suna iyo.

Wata ranar Talata da azahar na kai musu bokitin kwal. Gidan ba kowa. Hosiyat na wurin aiki, tsohuwa ta ɗauki jariri sun shiga maƙwabta. Na ajiye bokiti, na ɗaga kai, ga farin ƙyalle a ƙusa. Ban yi niyya ba. Ƙafar nan gajera ita ta fara taka akwati, doguwar ta bi ta. Ban ko duba gurasar ba, a tsaye na cinye ta, ina gurgura kamar ɓera. Tauri kamar dutse, ga ɗaci, ga tsakuwa-tsakuwa a baki. Na ce a raina ashe haka zunubi yake a harshe.

Da hankalina ya dawo sai na ga ƙyalle a hannuna ba komai a ciki. A katangar tsakar gida akwai irin curin nan na garin kwal da yumɓu da mata ke shanyawa don hura wuta, faɗinsa kamar na gurasa. Na ɓamɓaro ɗaya, na naɗe, na rataye, na gudu.

Mako uku ban yi barcin kirki ba. Na kai rigar fatar tunkiya ta mahaifina wani ƙauye a bayan dutse, na musanya da mudun gari, wata tsohuwa da ba ta san ni ba ta gasa mini gurasa ɗaya. Sauran garin na bar mata. Na ɗauka na gama, sai da na buɗe baki zan ciza na tuna da tudun. Haƙorana a cike suke reras. Tursunoy kuwa ta san cizon ɗanta kamar yadda ta san muryarsa.

Na gwada a jikin ɗanyen dankali. Na naɗe haƙori ɗaya da tsumma, bai yi ba. Na sassaƙa da wuƙa, ya fito kamar aikin kafinta. Daga ƙarshe na rufe ido, na kira fuskar Toshtemir a gabana yana dariya, na ga giɓin a hannun dama. Na sa yatsa a kan haƙorina na dama, na tafi wurin Juraboy wanzami da yatsan a baki don kada in manta.

Juraboy ya zaunar da ni a kan kujerarsa. "Wanne ke ciwo?"

"Babu."

"To aski ka zo?"

"Wannan za ka cire."

Ya ƙwanƙwasa shi da bayan aska, ya girgiza shi. "Holmat, wannan ya fi kanka lafiya. Kai da ba a ɗauke ka soja ba tun farko, wace dabarar gudun yaƙi kuma kake yi?"

"Nauyi yake yi mini."

"Nauyi." Ya leƙa waje ya kira masu zaman gidan shayi. "Ku zo ku ga wanda ba shi da abin tauna, ya zo rage ma'aikata!"

Mutum shida suka kewaye ni. Ɗaya ya ce a cire na hagu ma ko tafiyata ta daidaita. Juraboy ya ɗauko awartaki, ya taka cinyata da gwiwa. Haƙori mai lafiya ba ya son barin gida. Sai da muka zagaya ɗakin sau biyu, ni da shi da kujera, kafin ya fito.

Bayan kwana huɗu kumburi ya sauka, na ciji gurasar. Tudu ya fito, kyakkyawa, har na ji ƙwalla. Na shanya ta a rufin ɗakin fitilu ina gadin ta daga hankaki, sannan na faki ido wata azahar na musanya ta da curin kwal.

Bayan wata guda baƙar takarda ta iso. Toshtemir ya rasu a bakin wani kogi, yana haƙa wa 'yan'uwansa maɓoya, bam ya sauka. Na karɓi takardar na duba kwanan wata, na ƙirga da yatsu. Kwana tara bayan Talatar nan. Na cinye rabon da zai jawo shi gida, shi ke nan igiya ta tsinke.

Ban faɗa wa kowa ba. Tursunoy ta hana a sauke gurasar, ta ce takarda ma mutum ne ya rubuta ta, mutum kuwa yana kuskure. Ta rasu tana kallon ƙusar. Hosiyat ba ta sake aure ba, ba ta kuma sauke ƙyallen ba. Ni kuma tun daga shekarar, kowane sanyi ni ke kai musu kwal. Ni ke yaɓe rufi, ni ke gyaran magudana, ni na riƙe ɗansa ranar kaciya. Duk lokacin da na shiga ɗakin nakan zauna in ba bangon baya. Shekara arba'in da biyu.

Sai bara waccan, ana saura mako guda a yi bikin cika shekara arba'in da ƙarewar yaƙi, Sanobar ta zo gidana. Jikar Toshtemir ce, sabuwar malamar makaranta, ba ta san a ce mata a'a ba.

"Kaka Holmat, mun sa kafinta ya yi akwatin gilashi. Gurasar kakana za ta zauna a makaranta. Ranar biki kai za ka ɗaga ta da hannunka a gaban yara, ka ce da idonka ka ga ya cije ta."

Ba a ƙarya da gurasa a hannu. Na san wani mai awo a kasuwa da ya rantse da gurasa a kan ƙarya, kafin shekara idonsa ɗaya ya koma kallon kunnensa.

"'Yar nan, ba ni da haƙora, yara ba za su ji ni ba."

"Akwai lasifika."

"Ƙafata."

"Akwai kujera."

"Mafarki na yi mara kyau."

"Kullum kana mafarki, Kaka. Ranar Alhamis, ƙarfe goma. Ka sa hularka mai kyau."

Ranar Laraba bayan azahar na sa hular mai kyau na tafi gidan Hosiyat. Na tarar da ita a ƙarƙashin rumfar inabi tana tsince shinkafa. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Wa ya mutu?"

"Matar Yaya, magana na zo da ita."

"Idan aure ne ka makara. Zauna."

Ta zuba shayi ta miƙo mini. Na riƙe kofin da hannu biyu, na fara tun daga bokitin kwal. Na faɗi akwati, na faɗi curin yumɓu, na faɗi rigar fata da awartakin Juraboy. Ba ta daina tsince shinkafa ba. Da na zo kan kwana tara sai na ce, "Ni na kashe shi, matar Yaya. Ni na ci rabonsa. Wadda ke bangon nan cizona ne."

Ta hure wani ƙaiƙayi daga tire. "Ka gama?"

"Na gama."

"Giɓin Toshtemir a hagu yake."

"A dama."

"Ni na aure shi ko kai? A hagu. Kai kana tsaye a gabansa ne kana kallo, damarka hagunsa ce, shashasha. Ranar da ka rataye ta, da yamma Inna ta sauke ta buɗe, ta ce, 'Hosiyat, zo ki gani, giɓin ɗana ya yi ƙaura.' Washegari sai ga ka a bakin rami kana magana hannu a baki. Tun da aka fara yaƙi ban ga Inna ta yi dariya ba sai ranar. Har ta shaƙe, na bubbuga mata baya."

Na ajiye kofin. "Kun sani?"

"Tun daga curin kwal. Baƙin gari yana zubo mana a kan shimfiɗa, ga sawun ƙafa a kan akwati, ɗaya cikakke ɗaya yatsu kawai. Mutum nawa ne a Karabulok masu irin wannan tafiya?"

"To ko kun sani, ai dai na ci rabonsa."

"Rabon akuya ka ci."

Ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki, ta fito da wata takarda mai kusurwa uku, irin naɗin wasiƙun soja, ta yi laushi kamar tsumma. Ta zauna ta riƙe ta a cinya.

"A tsakiyar sanyin nan nonona ya ƙafe. Yaro ya yi kuka kwana biyu, a na uku ya daina, shi ne abin tsoron. Inna da kanta ta hau akwatin, ta sauke gurasar ɗanta, ta jiƙa a ruwan zafi, ta tsaya a kaina sai da na shanye. Ta ce rabon uba ai na ɗa ne. Amma kada maƙwabta su ga ƙusa ba komai su ce mun fid da rai, sai ta kwaɓa dusar akuya da toka ta gasa, ta ciza da haƙoranta biyu, ta rataye. Ita ka haɗiye. Ko duba cizon ba ka yi ba?"

"Yunwa nake ji."

"Ai mun gani." Ta buɗe takardar, ta nisanta ta da ido. "Na rubuta masa na gaya masa abin da muka yi, ina kuka. Saurari amsar yayan naka. 'Hosiyat, kun yi daidai. Me gurasa take yi a bango yaro na kuka? Ni nan ana ba ni kunu sau biyu, wani lokaci har da abu a ciki. Idan dole sai an rataye wani abu nawa, ku rataye tsohon takalmina, shi ko ɓera ba zai taɓa ba. Ki ce wa mai fitila na samo masa dutse mai zanen katantanwa a nan, yana aljihuna, yana huda mini cinya.'" Ta naɗe takardar. "Bayan wannan, wasiƙa huɗu ya ƙara aikowa. Huɗu, Holmat. Bam ne ya kashe shi. Ba kai ba, ba ni ba."

Na daɗe ina kallon inabin da bai nuna ba. Dutse mai zanen katantanwa. Ban taɓa samun irinsa ba.

Can na ce, "Shekara arba'in da biyu, matar Yaya. Me ya hana ki gaya mini?"

"Inna ta hana. Ta ce mutumin da ya ba da haƙori saboda ɗanta ba za a kunyata shi a gidanta ba, sai in shi ya kawo maganar." Ta jawo tiren shinkafa. "Kuma wa zai riƙa kawo mana kwal?"

"Hosiyat!"

"Au, yau na zama Hosiyat? Kwal ɗinka mai kyau ne, ba dutse a ciki. Tashi ka sauko da gurasar, ka san hanyar akwatin."

Na hau, gajerar ƙafa a gaba kamar wancan karon. Na kawo ƙyallen na shimfiɗa a gabanta. Gurasar ta yi launin ƙasa, ta ƙanƙance, ga cizona da tudunsa a dama, ba kunya.

"Wanda ya ciza shi ke ƙarasawa," in ji ta. "Ta gaji da jira. Yi bisimilla."

"Da me zan ci? Dasashi?"

Ta fasa ta da taɓarya, ta zuba a kwano, ta kwarara shayi mai zafi. Buta biyu ta sha kafin ta yi laushi. Ɗanɗanon bango ne da hayaƙi da ɗan ƙamshin tsohon ƙyalle. Hosiyat ta ɗauki guntu ɗaya ita ma ta sa a baki, ta daɗe tana juya shi. Ta ce, "Da yana nan da ya yi mana fito ta giɓin nan har maƙwabta su leƙo." Muka shafa masa fatiha.

Ina kan lomar ƙarshe Sanobar ta shigo da akwatin gilashi a hannu. Ta ga ƙyalle a ƙasa, ta ga kwano, ta ga bakina yana motsi.

"Kaka! Tarihi fa yake ci!"

"Ƙyale shi," in ji Hosiyat. "Nasa ne."

Kwana uku yarinyar ba ta gaishe ni ba, amma ranar Alhamis ɗin na je makaranta. Wasiƙar ce ta shiga akwatin gilashi. Na tsaya hannu ba komai na ba yara labarin yadda yake, har da awartaki. Wani ƙaramin ya ɗaga hannu ya ce in nuna musu giɓin. Na buɗe baki na ce su zaɓa.

Da sanyi ya shigo na cika bokiti na kai gidan. Hosiyat ta leƙo ta ce wa ya aike ni, ai an sallame ni. Na ce ƙafa ce ta saba. Ta ce to in na shigo in daina ba bango baya, ba kowa a can sai ƙusa. Na zauna ina fuskantar ƙusar, na sha shayi, ina tunanin bakin kogin nan mai ƙasa kamar ƙullu, da yadda katantanwa ta shiga cikin dutse tun farko.